Idan Aka Ajiye Bulala, Da Me Malami Zai Riƙe Aji?

Duk ɗakin malaman da ka zauna, daga firamaren ƙaramar hukuma har sakandaren kuɗi, in hira ta yi nisa sai ta biyo ta kan maganar duka. Wani zai ce tun da aka fara ɗaure wa malamai hannu yara suka fi ƙarfin kowa. Wata za ta ce ita kam ta gaji, don yaron da ta zane jiya shi ne dai ya fara surutu yau. Can gefe kuma ga dattijon da zai tuna wa kowa cewa bulala ce ta yi shi, ga shi bai lalace ba. Duk da saɓaninsu, sun haɗu a kan abu ɗaya ba tare da sun furta ba: wai hanya biyu ce kawai a gaban malami, ko ya doka ko ya zuba ido. Wannan zaton shi ya kamata a fara tuhuma, domin akwai hanya ta uku, kuma an kusa shekara hamsin ana gwada ta, ana yabonta, ana kuma caccakar ta.

A 1976, shekarar da Najeriya ta buɗe shirin ilimin firamare kyauta na UPE, wasu ma'aurata a jihar Kalifoniya ta Amurka, Lee Canter da Marlene Canter, suka fitar da littafi mai suna Assertive Discipline. Shi ya fito ne daga fannin kula da walwalar jama'a, ita kuwa malamar yara masu buƙata ta musamman ce. Makarantun Amurka a lokacin suna cikin wani hali. Ƙuri'ar jin ra'ayi da kamfanin Gallup yake yi duk shekara a kan makarantun gwamnati tun 1969, kusan kullum rashin ɗa'a take sawa a sahun farko na matsaloli. Kuma ba wai an daina duka a can ba ne. A 1977 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Ingraham da Wright, ta yanke cewa haramcin azabtarwa da ke cikin tsarin mulkinsu bai shafi dukan makaranta ba. Ke nan ba don maye gurbin bulala aka ƙago tsarin ba. An ƙago shi ne don malaman da gwiwarsu ta yi sanyi, waɗanda suka fara jin kamar ba su da hurumin cewa yaro ya zauna.

Tushen maganar su Canter gajere ne. Malami yana da haƙƙin ya koyar, ɗalibi yana da haƙƙin ya koya, kuma ba yaron da za a bari ya tauye wa sauran wannan haƙƙi. Sun ƙara da cewa mafi yawan yara suna iya kama kansu in sun ga dama, don haka talauci ko rikicin gida ba dalili ba ne na malami ya sauke abin da yake tsammani daga yaro. Daga nan suka kasa malamai gida uku, kuma duk wanda ya taɓa zama a benci zai gane su.

A ce aji huɗu ne, ana lissafi, Sani yana dunƙule takarda yana jifan ƙeyar na gabansa. Malami na farko zai ce, "Haba Sani, don Allah mana. Sau nawa zan yi maka magana? In ka ƙara sai na kai ka wurin hedimasta." Sani ya ƙara, ba a kai shi ba, duk ajin kuma ya gani. Na biyu zai daka tsawa daga bakin allo: "Kai dabba, mara tarbiyya! Fito nan ka kama kunnenka!" Ajin ya yi tsit, amma an zagi gidan su Sani a gaban abokansa, kuma ba zai manta ba. Na uku sai ya tako har gefen bencin, ya dube shi, ya sauke murya: "Sani, ajiye takardar nan ka yi lamba ta uku." Sani ya ce, "Malam, ai Bala ne ya fara." Malam ya ce, "Na ji. Ajiye takardar ka yi lamba ta uku." "Wallahi Malam..." "Ajiye takardar ka yi lamba ta uku. In ba ka yi ba, ka zaɓi komawa bencin gaba." Bai shiga shari'ar wa ya fara ba, bai ɗaga murya ba, bai kuma yi alkawarin abin da ba zai aikata ba. Wannan maimaita umarni ba tare da jayayya ba su Canter sun ba shi sunan faifan da ya maƙale, kuma sun ce kada ya wuce sau uku kafin hukunci ya biyo.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, malami na farko da na biyu sau da yawa mutum ɗaya ne. Ranar Litinin yana lallashi, Talata yana gargaɗi, Laraba yana haɗiye fushi, ranar Alhamis sai ya fashe a kan yaron da laifinsa bai kai na sauran ba. Yaran ba sa iya cewa ga abin da ke jawo duka. Abin da suka sani shi ne yau ran Malam a ɓace yake.

Tsarin kansa ƙafa uku gare shi. Akwai dokoki, waɗanda ba su wuce biyar ba, kuma dole su zama abin da ido zai iya gani. "Ku zama yaran kirki" fata ce kawai. "Ɗaga hannu kafin ka yi magana" da "kada hannunka ya taɓa wani" su ne dokoki. Ana koyar da su kamar yadda ake koyar da darasi, a yi bayani, a gwada, a maimaita. Akwai yabo da lada ga wanda ya bi: kiran suna a yaba, takardar albishir zuwa gida, ko kuma a riƙa jefa ƙananan duwatsun wasa a kwalba duk lokacin da ajin ya yi abin kirki, in ta cika kowa ya sami wani abin more rai. Sai kuma matakan hukunci, yawanci biyar, daga ƙarami zuwa babba: gargaɗi, canjin wurin zama na 'yan mintuna, tsayawa bayan an tashi, sanar da iyaye, sannan ofishin shugaban makaranta. Laifi mai girma kamar dambe ko ɓarnata kaya ba ya bin layi, kai tsaye yake zuwa matakin ƙarshe. Kowace safiya kuma ana share lissafin jiya, yaro ya fara da farar takarda.

A ganina duk darajar tsarin tana wuri ɗaya, kuma ba a matakan take ba. Tana cikin tabbas. Ƙaramin hukuncin da yaro ya san babu makawa zai zo, kuma zai zo wa ɗan hedimasta kamar yadda zai zo wa ɗan mai gadi, ya fi tsare aji a kan babban hukuncin da ke zuwa yau ya ƙi zuwa gobe. Bulalar makarantunmu kuwa babban aibinta, ban da ciwon, shi ne ba ta da ƙa'ida. Tana bin yanayin malami, ko albashi ya shigo ko bai shigo ba, da kuma ɗan wane ne ya yi laifin. Yaro mai wayo sai ya koyi karanta fuskar malami maimakon kiyaye doka. In malamin ya fita, dokar ta fita tare da shi. Shi ya sa ajin malamin da ya fi kowa zafi sau da yawa shi ne ya fi kowane aji hayaniya in ba ya nan.

Kada a ɗauka wannan tunanin Turawa ne ya shigo mana. Muhammad ɗan Sahnun, malamin Ƙairawan da ya rasu a 870 Miladiyya, ɗa ga ɗaya daga cikin manyan malaman mazhabar Malikiyya da muke bi, ya rubuta Adabul Mu'allimina a kan ladubban masu koyar da yara. Bai hana duka gaba ɗaya ba, amma ya ɗaure shi da sharuɗɗa masu tsauri: kada ya wuce bulala uku sai da izinin uba, kada a doki fuska ko kai, kada kuma malami ya doka don huce fushinsa. Duk wanda ya auna abin da ke faruwa a wasu azuzuwanmu da wannan ma'auni zai ga mun wuce gona da iri tun kafin a zo maganar Majalisar Ɗinkin Duniya. Ibn Khaldun kuma, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya ware babi guda ya nuna cewa tsanantawa ga masu koyo tana cutar da su, tana kashe musu zuciya, tana koya musu kasala da ƙarya da yaudara, domin yaron da ke tsoron hannu zai nuna abin da ba shi ne a ransa ba. Bayan sama da shekara ɗari shida, a 2011, Victoria Talwar da Kang Lee suka wallafa wani bincike da suka yi a makarantu biyu na wata ƙasa a Afirka ta Yamma, ɗaya ana duka, ɗaya ba a yi. An bar yara 'yan shekara uku zuwa huɗu su kaɗai da abin wasa a ɓoye, aka ce kada su leƙa. Yawanci sun leƙa a duka makarantun. Amma da aka tambaye su, yaran makarantar duka sun fi yin ƙarya, kuma sun fi iya kare ƙaryar in an bi su da tambaya. Duka bai hana su leƙen ba, ya dai ƙware da su wajen ɓoyewa.

Ta fuskar doka, lamarin a Najeriya a cakuɗe yake. Sashe na 55 na kundin Penal Code, wanda Arewa ta gada tun jajiberin samun 'yancin kai, ya ba malamin makaranta damar horon yaron da bai kai shekara 18 ba matuƙar bai yi masa mummunan rauni ba. A gefe guda ga Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 wadda sashenta na 28 ya ce horon makaranta ya dace da mutuncin yaro. Afirka ta Kudu ta haramta dukan makaranta a 1996, Kenya a 2001, hukumar ilimi ta Ghana a 2017. Sai dai takardar hani ba ta koya wa kowa riƙe aji. Malamin da aka karɓe wa tsumagiya ba a ba shi komai a madadinta ba, ko dai ya koma gwale-gwale, tsallen kwaɗo da durƙuso a rana, waɗanda duka ne da wani suna, ko kuma ya naɗe hannu ya ce ai ku kuka ce a ƙyale su. A nan ne tsari irin na su Canter yake da amfani, don aƙalla yana gaya wa malami abin da zai yi da ƙarfe tara na safe idan Sani ya ƙi zama.

Amma tsarin ya sha suka, kuma sukar ba ta banza ba ce. A bugun farko ana rubuta sunan mai laifi a allo, a riƙa ƙara masa alama duk lokacin da ya sake. Wannan tozarci ne a bainar jama'a, kuma ga wasu yaran ma ado ne: wanda ke neman a san da shi ya sami allon talla kyauta. Richard Curwin da Allen Mendler, masu littafin Discipline with Dignity na 1988, suka ce tsarin biyayya yake koyarwa, ba ɗaukar alhaki ba. Alfie Kohn ya fi su zafi. A littattafansa na 1993 da 1996 ya kafa hujjar cewa lada da hukunci duk hanya ɗaya ce ta juya mutum, kuma yaron da aka saba wa lada yakan daina abin kirkin da zarar ladar ta tsaya. Wasu masu bincike kuma suka ce hujjojin da ake kafawa na nasarar tsarin ba su kai yawan makarantun da suka rungume shi ba. Lee Canter bai toshe kunne ba. A 1989 ya rubuta maƙala yana cewa an taƙaita tsarinsa a kan sunaye a allo da duwatsu a kwalba, kuma a sabon bugun 1992 aka bar rubutun allo, aka koma rubutawa a takardar da malami kaɗai ke gani, aka ƙara nauyi a kan koyar da halin da ake so da gina dangantaka da yaro.

Ni dai ina ganin Kohn ya yi gaskiya a kan inda ake son zuwa, amma bai faɗa wa malamar da ke gaban yara tasa'in yadda za ta kai ƙarfe biyu ba. Sai an sami natsuwa kafin a zauna shawara da yara a kan dokokin ajinsu. Sai dai sukarsa ta fi cizo a wurinmu fiye da a Amurka, saboda wani dalili na daban. Mu ba mu da ƙarancin girmama biyayya. Tun a gida ake koya wa yaro sunkuyar da kai, kuma muna da karin maganar da ke cewa ka ƙi naka duniya ta so shi. Haɗarin da ke gabanmu shi ne mu ɗauki tsarin mu mai da shi bulala mara sanda, mu sami aji shiru mu ce an yi nasara. Shiru kuwa ba karatu ba ne. Akwai ajin da ba ka jin ko tari, yara suna kwafe rubutu daga allo na minti arba'in, kuma rabinsu ba za su iya karanta abin da suka kwafa ba. Tsarin Canter ba ya tambayar ko umarnin malami yana da ma'ana, ko darasin ya cancanci a saurare shi. Ya ɗauka malami yana da gaskiya tun daga farko.

Wanda ya cike wannan giɓi ya riga Canter fitowa. Jacob Kounin, malami a jami'ar Wayne State da ke Detroit, wata rana ya tsawata wa ɗalibin da ke karanta jarida ana lacca, sai ya lura duk ajin ya canza, har waɗanda ba su yi komai ba. Wannan ya sa shi shekaru yana binciken yadda tsawatarwa ke yin tasiri, har ya kai ga ɗaukar gomman azuzuwan firamare a bidiyo. Sakamakon da ya fitar a littafinsa na 1970 ya ba shi mamaki shi kansa. Malaman da ajinsu ke tafiya daidai da waɗanda nasu ya rikice ba su bambanta sosai a yadda suke hukunta laifi ba. Bambancin yana cikin abin da suke yi kafin laifin ya faru. Gwanin malami yana nuna wa yara cewa yana sane da duk abin da ke gudana, yana kama ɓarna tun tana ƙarama, kuma yana kama ainihin wanda ya fara ta. Yana iya yin abu biyu a lokaci guda, yana duba littafin wannan yana dakatar da wancan da ido. Darasinsa ba ya tsayawa tsakiya don neman alli, ba ya barin lissafi ya koma wa'azi a kan wanda ya yar da ɓawon gyaɗa. Kuma ba ya kiran suna kafin ya yi tambaya, yana jefa tambayar ga kowa, ya ɗan yi shiru, sannan ya zaɓa, don kowa ya zauna cikin shiri.

Wanda ya yi makarantar allo ya san wannan baiwar ko bai taɓa jin sunan Kounin ba. Yara talatin ko arba'in, kowa da allonsa, kowa yana karanta nasa da ƙarfi, baƙo zai ce hayaniya ce. Malam yana zaune a buzu, wataƙila ma yana ɗinkin hula, sai ka ji ya gyara wa wani can ƙarshe wasalin da ya karye, bai ko ɗaga kai ba. Dorina tana nan a gefensa, ba a musun wannan, kuma an sha yin ɓarna da ita. Amma abin da ke riƙe da zaman shi ne kowane yaro yana da aikin da ya yi daidai da matakinsa, kuma ya tabbata kunnen Malam yana kansa. Ajin boko da ke neman shiru ko ta halin ƙaƙa ya rasa duka biyun.

A 1980 Edmund Emmer da Carolyn Evertson da Linda Anderson suka ƙara wani abu daga azuzuwan da suka bibiya a jihar Texas: makonnin farko na shekara su ke yanke yadda sauran za ta kasance. Malaman da suka yi nasara sun kashe kwanakin farko suna koyar da ƙananan abubuwa, yadda ake shiga, yadda ake miƙa littafi, me za ka yi in ka gama aiki, yadda ake neman izinin fita. A nan sai mutum ya yi murmushin takaici, domin a makarantun gwamnati da yawa makon farko na zango shara da yankan ciyawa ake yi, rabin yara ba su dawo ba, wasu malaman ma haka, kowa yana cewa ai ba a fara karatu ba. Kafin a fara, yaran sun riga sun koyi darasin farko, wato lokaci ba komai ba ne a nan.

Sai babbar tambaya, ta yawa. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, 40 a sakandare. A unguwannin Kano da Kaduna da Maiduguri masu cunkoso ba abin mamaki ba ne a tarar da sama da ɗari a ɗaki guda, wasu a ƙasa, wasu a taga. Matsalar tsohuwa ce. Tun UPE yara suka fi malamai saurin ƙaruwa, har aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a shekarar ta 1976 don a cike giɓin, kuma har yau ba a cike ba. An tsara dabarun Canter ne don aji mai yara kamar talatin, da waya a ofis, da shugaban makaranta mai lokacin karɓar mai laifi. A aji mai ɗari, wa zai riƙe lissafin wane yana mataki na biyu wane yana na uku? Ina bencin gaban da za a mayar da Sani, alhali malamin kansa da ƙyar yake samun wurin tsayawa?

Abin da ya rushe a irin wannan aji shi ne lissafin mutum ɗaya-ɗaya. Abin da ya tsira kuwa yana da yawa. Alamar shiru guda ɗaya da aka koyar aka maimaita har ta zauna, tafi uku ko ɗaga hannu, ta fi tsawa sau ashirin, kuma ba ta cinye maƙogwaro. Umarni a faɗe shi filla-filla: "Ku buɗe shafi na 12, ba magana, kowa shi kaɗai." Sannan dabarar da Canter ya ƙara a shekarunsa na baya, wato da zarar ka ba da umarni ka fara ambaton waɗanda suka bi: "Layin Hadiza sun buɗe. Layin taga sun fara rubutu." Ba yabo ba ne ma sosai, maimaita umarnin ne ta bakin abin da ake gani, kuma yana janye hankalin ajin daga mai ɓarna zuwa mai aiki. Ba ya cin ko kwabo.

Ga aji mai yawa kuma babu kamar wasan da Harriet Barrish da Muriel Saunders da Montrose Wolf suka gwada a wani aji huɗu a jihar Kansas a 1969. A raba aji rukuni-rukuni, a faɗi dokoki biyu ko uku, a ɗauki ɗan lokaci ana darasi. Duk rukunin da ɗansa ya karya doka a sa masa alama. Wanda alamominsa ba su wuce adadin da aka yanka ba ya ci, kuma duka rukunan suna iya ci tare. Ladar ba ta wuce fita tara da wuri ko zama farko a layi ba. Daga tsakiyar shekarun 1980 Sheppard Kellam da abokan aikinsa suka gwada shi a azuzuwan farko na firamare a birnin Baltimore, suka bi yaran har suka kai kimanin shekara ashirin, suka tarar waɗanda suka yi wasan, musamman maza masu rigima tun suna ƙanana, sun fi tsira daga shaye-shaye da aikata laifi. Yana da nasa haɗarin, don rukuni na iya huce haushi a kan yaron da ya ja musu faɗuwa, kuma sai malami ya sa ido a kan haka. Amma ya fi abin da muke yi yanzu nesa ba kusa ba, wato a ba monita takarda ya rubuta masu surutu. Wannan al'ada ta ɗora wa ɗan shekara goma ikon da bai iya ɗauka ba. Abokinsa ba ya shiga takarda, abokin gabarsa yana shiga ko bai yi tari ba, kuma kowa ya san ana fansar suna da kuɗin tara. Darasin da ajin ke koya a nan ba sai an faɗe shi ba.

Akwai kuma yaran da babu matakin hukuncin da zai gyara su, domin ba rashin kunya ke damunsu ba. Wanda ya fito gida bai karya ba. Yarinyar da ta yi tallan safe kafin ta zo, tana gyangyaɗi. Wanda idonsa ba ya ganin allo kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa. Mafi yawa kuma, wanda aka turo aji biyar bai iya haɗa baƙi ba, ana yi masa darasi da Ingilishin da ba ya ji, awa biyar kowace rana. Babba ma aka yi wa haka sai ya nemi abin yi. A nan ne nake rabuwa da Canter na 1976, wanda ya ce yaro zaɓa yake yi. Wani lokaci zaɓin ne, wani lokaci kuwa ya fi masa sauƙi a kira shi fitinanne da a gane bai iya karatu ba. In sunan yaro ɗaya ne ke cika takardar malami kowane mako, tsarin ya gama nasa aikin, ya nuna inda ciwon yake. Saura zama da yaron shi kaɗai, a ba shi ɗan rubutu ya karanta, a tambaye shi me ya ci da safe.

Matakai biyu na ƙarshe, iyaye da shugaban makaranta, ba a hannun malami suke ba, kuma a nan tsarin ya fi mutuwa. Su Canter sun ce a aika wa iyaye tsarin a rubuce tun farkon shekara su sa hannu. A wurinmu ya fi dacewa a karanta shi da Hausa a taron iyaye da malamai, domin iyaye kashi biyu ne masu wahalar sha'ani: mai zuwa ya ce "Malam, a zane shi, na ba ka wuƙa da nama," da mai zuwa da faɗa don an tsayar da ɗansa minti biyar. Dukansu suna bukatar su ji tun da wuri abin da za a yi da abin da ba za a yi ba, kuma su riƙa jin labarin ɗansu ranar da ya yi abin kirki, ba sai ranar laifi kaɗai ba. Shi kuma hedimasta, idan aka kai masa yaro a mataki na biyar ya dawo da shi aji bayan minti biyu yana dariya, matakai huɗun da ke ƙasa sun zama wasa. Idan kuma ya zane shi a gaban asembili, ya nuna wa kowa cewa duk tsarin doguwar hanya ce kawai zuwa ga bulalar da aka sani. Haka nan idan malamin lissafi yana bin doka, na Ingilishi yana zagi, na kimiyya bai shigo ba sai da rabin lokaci ya wuce, yaran dokoki uku suke gani a rana ɗaya. Dokar makara da ke manne a bango ba za ta kama ɗalibi ba matuƙar malamin da ya rubuta ta yana shigowa ƙarfe takwas da rabi.